Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Shari'a da Kwamishinonin Shari'a na Jihohin Arewa: A Raba Ƙarar Ɓata Suna da Caji Ofis

Mai girma Antoni Janar na Tarayya kuma Ministan Shari'a, masu girma Kwamishinonin Shari'a na jihohin Arewa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan takarda lauyoyi ne da editoci, masu hulɗa da shari'o'in jarida, rediyo, talabijin da kafafen intanet. Ku muka nufa da ita, ba majalisa ba, domin akasarin abin da za mu roƙa ba ya jiran sabuwar doka. Sashe na 174 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na Tarayya ikon shigar da ƙarar laifi, ko karɓe ta daga hannun wanda ya shigar, ko dakatar da ita kafin a yanke hukunci. Sashe na 211 ya ba takwarorinsa na jihohi irin wannan iko. Roƙonmu shi ne ku yi aiki da shi, ku raba ƙorafin ɓata suna da caji ofis.

Ranku ya daɗe, ga yadda abin ke tafiya a aikace. Labari ya fita a kan wani mai muƙami ko mai hannu da shuni. Ba zai rubuto wa edita ba. Lauyansa ne zai rubuta takardar ƙorafi zuwa ga Sufeto Janar ko kwamishinan 'yan sanda, kuma rundunar da ake zaɓa ita ce ta inda mai ƙorafin ke da faɗa a ji, ba ta inda ɗan jaridar ke zaune ba. Sai a bi diddigin layin wayarsa, a yi awon gaba da shi, sau da yawa da yammacin Juma'a don kada a samu kotu sai Litinin. A karɓe waya da kwamfuta, a matsa masa ya buɗe. A saka shi a mota a yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da shi, iyalansa na yawon cigiya daga wannan ofis zuwa wancan. Idan lauya ya samu ganinsa, abin da ake shimfiɗa masa bai cika wuce uku ba: a sauke labarin, a buga ban haƙuri, a faɗi wanda ya bayar da takardun. In ya amince, fayil ya kwanta. In ya ƙi, a kai shi kotun majistare a nemi izinin ci gaba da tsare shi.

Kowane mataki a nan akwai dokar da aka taka. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wato ACJA, ta hana kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba a sashe na 8, ta hana kama ɗan uwa ko abokin aiki a madadin wanda ake nema a sashe na 7, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita haka. Ita kanta Dokar Laifukan Intanet, a sashe na 45, ta ce sai alƙali ya bayar da waranti kafin a binciki na'ura.

Daniel Ojukwu, ɗan jarida a kafar binciken labarai ta FIJ, an kama shi a Legas ranar 1 ga Mayu 2024, aka wuce da shi Abuja, ba a sake shi ba sai ranar 10 ga wata. A watan Maris na shekarar sojoji suka ɗauke Segun Olatunji, editan FirstNews a lokacin, daga gidansa a Legas, ya yi mako biyu a hannunsu. Luka Binniyat an kama shi a Kaduna a Nuwamba 2021, sai a farkon 2022 ya fito. Agba Jalingo, wanda aka kama a Agusta 2019, ya yi kusan wata shida a tsare, daga baya Kotun ECOWAS ta umarci gwamnati ta biya shi diyyar naira miliyan 30. Wannan kuɗi daga baitulmali zai fito, ba daga aljihun wanda ya rubuta ƙorafin ba.

Makamin da aka fi ɗauka shi ne sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015. A asalinsa ya hukunta saƙon da mai aikawa ya san ƙarya ne kuma ya aika don ya ɓata rai, ko ya takura, ko ya ci mutunci, ko ya jawo ƙiyayya ko fargabar da ba ta da dalili. Hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. To wane rahoton bincike ne ba ya ɓata wa wanda aka bincika rai? Sau biyu Kotun ECOWAS ta yi hukunci a kan wannan sashe, a 2020 da 2022, ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, ta umarci Najeriya ta gyara. A Fabrairun 2024 aka yi gyaran. Yanzu ƙaramin sashe na 1 ya taƙaita ga abu biyu: saƙon batsa, da saƙon da mai shi ya san ƙarya ne kuma ya aika da nufin haddasa rugujewar doka da oda ko jefa rai cikin haɗari. An cire ɓacin rai, an cire cin mutunci.

Ma'anar wannan gyara a shari'ance a bayyane take. Mai gabatar da ƙara sai ya tabbatar da abu uku a jere: labarin ƙarya ne, marubucin ya san ƙarya ne a lokacin da ya buga, kuma manufarsa tayar da tarzoma ce ko jefa rai cikin haɗari. Rahoton da ya ce an karkatar da kuɗin kwangila, ko da an samu kuskure a adadin, bai shiga nan ba. Amma kamun Ojukwu ya zo ne wata biyu bayan gyaran, kuma har yanzu ana ganin takardun tuhuma ɗauke da kalmomin tsohon sashen da majalisa ta riga ta goge. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya hana hukunta mutum a kan laifin da babu shi a rubutacciyar doka. Wasu masu gabatar da ƙara kuma sun koma ƙaramin sashe na 2, mai maganar barazana da tsangwama, wanda hukuncinsa ya kai shekara 10. An yi shi ne don mai tura wa wani barazanar kisa ko garkuwa, amma sai a laƙaba shi a kan labarin jarida domin tsananin hukuncin ya sa beli ya yi wuya.

Sai batun hurumi, kuma nan ne kwamishinonin jihohi ke da aiki. Sashe na 50 na Dokar Laifukan Intanet ya ba Babbar Kotun Tarayya ikon sauraron laifukan da ke cikinta. Majistare ba ya iya yin shari'ar. Duk da haka gabansa ake kai takardar rahoton farko ta 'yan sanda, wato FIR, a jera laifin intanet tare da ɓata suna da tunzura jama'a daga dokar Final Kod, wato kundin laifuka na Arewa, shi kuma ya ce ba shi da hurumi, ya aika da mutum gidan gyaran hali, ya ɗage zama har sai an samu shawarar daraktan gabatar da ƙararraki. ACJA ta yarda da tsarewa ta wucin gadi, amma ta sa mata iyaka: kwana 14 a karon farko, kuma ba a ƙari sai an nuna dalili. Shawarar da ake jira daga ma'aikatunku take fitowa. Duk makon da fayil ya yi a kan tebur, mako ne da wani ke yi a kurkuku kan tuhumar da wataƙila ba za ta taɓa zuwa gaban alƙalin da ya dace ba. Idan kuma an bayar da beli, sai a ce a kawo ma'aikacin gwamnati mai babban mataki da takardar mallakar gida a cikin birni. Wane darakta ne zai tsaya wa wanda ya rubuta labari a kan gwamnansa? Sashe na 165 na ACJA ya hana tsaurara sharuɗɗan beli, kuma laifin da hukuncinsa bai haura shekara 3 ba, beli a kansa haƙƙi ne sai in kotu ta ga dalilin hanawa.

Don haka muke roƙon mai girma Minista ya fitar da umarni a rubuce cewa duk tuhumar da ta dogara da sashe na 24, matuƙar a kan abin da aka wallafa ne ko aka watsa, ba za a shigar da ita ba sai da rubutacciyar shawarar ofishinsa, wadda za ta nuna hujjar kowane ɗaya daga cikin abubuwa ukun nan. A jihohi kuma a sa wa'adi, kada shawarar daraktan gabatar da ƙararraki ta wuce kwana 14 ɗin farko. A tattaro shari'o'in da ke gaban kotuna yanzu, wanda aka gina a kan tsohon sashen a janye shi.

Ko an gama da dokar intanet, tsohuwar hanya na nan. Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta mayar da ɓata suna laifi a sashe na 391 da 392, da ɗaurin da zai iya kai shekara 2, sashe na 393 kuma ya ƙara da ƙagen da ke cutarwa. Jihohin da suka sabunta kundinsu sun sauya lambobi, amma laifin na nan. A Kudu sashe na 373 zuwa 375 na Kiriminal Kod ne. Abin lura a Final Kod shi ne gaskiya kaɗai ba ta wanke mutum ba, sai ya nuna cewa bayyana ta ya amfani jama'a, kuma duk wannan a kotu ake tantancewa, bayan ya riga ya kwana a bayan kanta. Da irin waɗannan sassa ne wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar kotu, a Nuwamba 2022. Jihar Legas ta bar ɓata suna a waje lokacin da ta yi sabon kundin laifukanta a 2011. Ghana ta soke nata tun 2001. Kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam, a shari'ar Lohé Issa Konaté da Burkina Faso a 2014, ta ce ɗauri a kan ɓata suna ya wuce gona da iri. A gida ma, tun 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Arthur Nwankwo, ta ce dokar tunzura jama'a ga gwamnati gadon mulkin mallaka ce da ba ta dace da tsarin mulkin jamhuriya ba, ta kuma nuna wa masu mulki cewa in an ɓata musu suna su shigar da ƙarar diyya kamar kowa. Kowane kwamishina a cikinku na iya kai wa majalisar zartarwar jiharsa ƙudurin da bai wuce shafi ɗaya ba ya cire waɗannan sassa.

Mun san amsar da za a ba mu: ƙarar diyya tana daɗewa, kuma ɗan jaridar da ke bin albashin wata shida ba shi da abin biya. Haka ne, amma ba kuɗi ne ke wanke suna ba, gyara ne a inda aka yi ɓarnar, da wuri. Tun Afrilun 2023 ƙungiyoyin masu jaridu, editoci, 'yan jarida da gidajen watsa labarai suka kafa hukumar sauraron ƙorafi a kan kafafen yaɗa labarai, ƙarƙashin jagorancin Emeka Izeze. Kai kuka can ba ya buƙatar lauya. Idan hakan bai wadatar ba, Babbar Kotun jiha na nan, kuma manyan alƙalai na da ikon fitar da ƙa'idar gaggauta irin waɗannan ƙararraki. Fa'idar wannan hanya ita ce mai ƙara shi ma zai shiga akwatin shaida ya sha tambayoyi. Tsohon gwamnan Kano, Abdullahi Ganduje, ya kai Jaafar Jaafar da Daily Nigerian ƙara yana neman naira biliyan 3 kan bidiyon 2018, daga baya ya janye ƙarar a 2021. Kowa da yadda ya fassara janyewar, amma an yi ta a gaban alƙali, kowane ɓangare da lauyansa.

Ba ma cewa gidajenmu ba su da laifi. Akwai shafukan da ba su da adireshi, ba su da edita, sana'arsu rubuta sharri su kira mutum ya biya a sauke. Wannan ƙwace ne ta hanyar barazana, yana da nasa sashe a Final Kod, kuma a kama mai yin sa da wannan sunan, ba za mu tsaya masa ba. Akwai kuma filayen siyasa da ake saya a rediyo, inda sojojin baka ke kwance wa abokan hamayya zani a kasuwa da sunan adawa. A shari'ance wanda ya maimaita ƙage daidai yake da wanda ya ƙirƙira, saboda haka sanarwar nan ta “ra'ayin mai magana ne, ba na wannan tasha ba” ba ta kare gidan rediyo a kotu. Abin da ke karewa shi ne a naɗi shirin a saurara kafin a saka, ko a sa na'urar jinkirta sauti na 'yan daƙiƙu a shirin kai tsaye, mai gabatarwa kuma ya katse baƙo nan take ya nemi hujja. A labarin bincike, a aika wa wanda ake zargi tambayoyi a rubuce, a ba shi lokacin da ya dace, a ajiye shaidar aikawa. A adana asalin sauti da takardu da na'urar da aka ɗauka da ita, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar tabbatar da yadda aka samar da duk hujjar da ta fito daga kwamfuta ko waya. Editoci da dama sun faɗi shari'ar da suke da gaskiya a cikinta saboda hoton allo kawai suka riƙe.

Gidajen rediyo da talabijin nasu caji ofis ɗin daban ne. Hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, wato NBC, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa, ita ke rubuta ƙa'ida, ita ke tuhuma, ita ke yanke tara, ita ke karɓa. A 2020 ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5. A Oktoban shekarar ta ci AIT da Channels da Arise miliyan 3 kowanne kan zanga-zangar EndSARS. A farkon 2022 ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM, a Agusta kuma ta ci Trust TV miliyan 5 kan shirin da ya yi game da 'yan bindiga. A Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara, a Janairun 2024 kuma Mai Shari'a Rita Ofili-Ajumogobia ta bi sahu. Mai girma Minista, kai ne babban lauyan gwamnati. Shawarar da ta dace ita ce a gyara dokar hukumar, a kafa kotun musamman mai zaman kanta, NBC ta zama mai kai ƙara, tasha ta samu damar kare kanta da ɗaukaka ƙara.

Gwamnoni kuwa ba su da ko wannan ƙafar tsayawa. Sha'anin watsa shirye-shirye da rabon mita yana cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, in ban da tashar da jiha ta mallaka. Amma a Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi, har da NTA, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa, a 2025 kuma gwamnan Neja ya ba da umarnin rufe Badeggi FM a Minna. A duk inda aka yi haka akwai kwamishinan shari'a a majalisar zartarwa. Aikinsa ne ya ce wa gwamna, ranka ya daɗe, wannan ba huruminmu ba ne, mu rubuta wa NBC.

Abu biyu suka rage, kuma suna da alaƙa da yawan kuskuren da ake kuka da shi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa buƙata, da ƙarin kwana 7 idan takardun na da yawa. Mai nema ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba tarar naira dubu 500 ce, lalata takarda kuma ɗaurin aƙalla shekara ɗaya, kuma wanda aka hana yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Shekara da shekaru jihohi na cewa dokar ba ta hau kansu ba, har Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa a Afrilun 2025 a wata ƙara da ta taso daga Edo. Kwamishinoni su aika wa ma'aikatu da ƙananan hukumomi takardar sanarwa, kowace ta naɗa jami'in karɓar buƙatu. A tarayya, doka ta ce kowace hukuma ta miƙa wa ofishin Minista rahoto zuwa ranar 1 ga Fabrairu kowace shekara. A buga sunayen waɗanda ba su miƙa ba. Ma'aikatar da ta ƙi bayar da takardar kwangila ba ta da bakin kukan cewa an yi kuskure a adadin kuɗinta.

Na biyu shi ne kare majiya. Sashe na 16 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ya ambaci sirrin aikin jarida, amma a kotu matsayin bai zauna ba: ɗan jarida Tony Momoh ya yi nasara a kan Majalisar Dattawa a Babbar Kotun Legas lokacin da aka nemi ya tona majiyarsa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 1983. Shi ya sa a Agustan 2018 aka tsare Samuel Ogundipe na Premium Times ana neman ya faɗi wanda ya ba shi takarda, a Janairun 2019 kuma sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri suka kwashi kwamfutoci. Wannan kam yana buƙatar majalisa: sashe guda a Dokar Shaida da zai ce babu mai tilasta bayyana majiya sai alƙalin Babbar Kotu, bayan ya ji ɓangarorin biyu, kuma an nuna masa cewa babu wata hanyar samun bayanin. Ƙudurin da ya fito daga ma'aikatar shari'a ya fi saurin wucewa.

Kafin a kai ga wannan, akwai sashe na 34 na ACJA da takwarorinsa a dokokin jihohi, wanda ya wajabta wa babban majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kamu, ya bayar da beli inda ya dace. Muna roƙon ku haɗa kai da manyan alƙalan jihohinku a riƙa wannan ziyara a kan kari, a kuma riƙa turo muku sunan duk wanda aka samu a tsare saboda abin da ya rubuta ko ya faɗa, tare da ranar kamu da sashen da ake tuhumarsa da shi.

Wassalam.

Daga wasu lauyoyi da editocin kafafen yaɗa labarai.